Rabin Aski

A shagon askin Oga, kujerar da ke bakin ƙofa tawa ce. Da na farfaɗo a asibiti bayan mota ta kaɗe ni a kan babur, kaina a naɗe, kujerar nan na fara tambaya kafin babur ɗin. Gwani ake ce mini a layinmu. Mutum zai tarar da Dogo, abokin aikina, zaune yana hamma, ya ce a'a, shi Gwani zai jira.

Kafin a sallame ni likita ta yi mini bayani. Ta ce idanuna lafiyarsu ƙalau, amma bugun da na sha a gefen dama na kai ya sa ƙwaƙwalwata ta daina kula da duk abin da ke hagu. Wai ba duhu zan gani ba, ba zan ma san akwai wani abu a can ba. Ta ce in riƙa juya kai da gangan, in riƙa tambayar mutane. Na ce to, a raina kuwa tsaki na yi. Ni da na yi shekara da shekaru ina kallon kawunan jama'a, ita za ta koya mini kallo?

A gida matata ta gane abin kafin ni. In ta kawo abinci sai in cinye rabin faranti in ture, in ce ta fara yi mini rowa. Ba ta musu da ni. Yatsa take sawa ta juya farantin, sai ga abinci kamar yanzu aka zuba. Ranar farko dariya na yi. Daga baya haushi ya fara kama ni, har na daka mata tsawa cewa ni ba yaro ba ne. Tun haɗarin nan zuciyata a kusa take, abu kaɗan sai in hau.

Da jiri ya sake ni na koma shago. Oga ya ce in ƙara hutawa mana, kujera ba guduwa za ta yi ba. Amma na riga na ji a waje cewa ƙanen matarsa ya sa wa kujerar ido. Na ce masa ya gwada ni kawai, in kwastoma ɗaya ya yi ƙorafi da kaina zan kwashe kayana. Ya ce ya ji.

Wanda ya fara zama Baba Direba ne, wani dattijo da ya ajiye tuƙin babbar mota, wanda ya fi son a kwashe masa gashin tas. Na ɗaura masa ƙyalle, na kunna kilifa, hannuna ya bi hanyarsa kamar bai taɓa hutu ba. Na kaɗe da burushi, na shafa hoda, na zare ƙyallen na kakkaɓe shi yadda na saba. Baba ya daɗe yana kallon madubi. Sannan ya ce hannu yana nan, Gwani, ya danna hularsa har kunne ya fita. Ranar na koma gida ina taku ɗai-ɗai, na ce wa matata ta je ta gaya wa likitarta.

Haka aka tafi. Babu wanda ya yi ƙorafi. Na dai lura shagon ya rage surutu, in ina zare ƙyalle sai Oga ya ƙara wa rediyo murya. Dogo kuma ya samu wani ciwon ciki, ina sallamar kwastoma sai ya dafe mara ya nufi baya. Har tsiya nake yi masa, in ce cikin nan nasa sai an kai shi gareji an sauke shi. Ya yi yaƙe ya wuce.

Wata rana da hantsi na sake yi wa Baba Direba aski, ya fita, Dogo ya dafe mara. Sai hoda ta ƙare mini. Oga yana waya a waje, don haka na bi lungun baya zuwa ɗakin ajiya in ɗauko da kaina. Tun kafin in kai na ji ƙarar kilifa.

Baba yana zaune a kan kifaffen bokiti, ƙyalle a wuya, Dogo ya sunkuya a kansa. Ta hannun damana suke, saboda haka na ga kan da kyau. Rabi sumul, da hodata a kai. Rabi kuwa furfura ce a tsaye cirko-cirko, ga layi a tsakiya kamar da zare aka ja. An jawo wayar wuta ta taga, an rataye fasasshen madubi a ƙusa. A ƙasa gashi ne tuli, baƙi da fari, wanda ba na rana ɗaya ba ne. Ƙofar da ke fita lungu a buɗe take. Ashe duk wanda na sallama zagayowa yake yi ya shigo ta nan.

Dogo ya kashe kilifa. Baba ya laluba hularsa zai rufe kai, kamar shi ya yi abin kunyar. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tuna yadda nake kakkaɓe ƙyalle ina ɗaga kafaɗa, na tuna tsiyar gareji. Na so in yi masifa, na buɗe baki ma, amma wa zan yi wa? Na bi ta ƙofar lungun na tafi gida, ko kayana ban ɗauka ba.

Kwanaki na yi ina kwance ina kallon bango. Da na tambayi matata ko ta sani, ta ce ta sani. Baba ne tun ranar farko ya zagaya ya roƙi Dogo, ya ce kada a bari kujerar ta tafi a kan rabin kai, ya kuma bi sauran kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Oga ya yi kamar bai gani ba. Layi guda ya sani, ni kaɗai nake yawo da sunan Gwani. Oga ya aiko ya ce in ban zo ba zuwa ƙarshen mako, ba shi da abin da zai ƙara faɗa wa matarsa.

Rannan matata ta kawo abinci, na ci na ture. Ba ta miƙa yatsa ba, ta naɗe hannu ta zauna.

"Ka gama?" ta ce.

Farantin fes nake ganinsa. Na daɗe ina hararar sa, sannan na juya shi da kaina. Na ci sauran ban ɗago kai ba.

Ranar da na koma shagon cike yake, benci ba wurin zama. Gaisuwa ma a ciki na yi ta. Baba Direba yana cikin masu jira, hula a kai, rabin da Dogo bai ƙarasa ba yana nan tun rannan. Ya tashi ya zauna a kujerata ba wanda ya kira shi. Na bi kan da kilifa, na kaɗe, na duba. Komai a jikina cewa yake an gama. Hannuna har ya kai kan ƙullin ƙyalle, Oga ya miƙa hannu wajen rediyo.

"Oga, bar shi," na ce. "Baba, na gama?"

"Ba ka gama ba, ɗana. Ba ka ma taɓa ɗaya rabin ba."

Wani a benci ya yi dariya ya haɗiye. Na sa ƙafa na juya kujerar, sai ga furfurar ta zo gabana. Na kwashe ta a hankali, na sake tambaya. Ya shafa kansa da tafin hannu, ya ce saura bayan kunne. Na gyara, na sake tambaya. Ya ce yanzu kam an gama.

Ina shafa hoda Dogo ya miƙe ya nufi baya. Na ɗauka gyaran askina zai je yi kuma. Sai ga shi ya dawo da bokiti da wayar wuta a naɗe a kafaɗa, ya tura su ƙarƙashin benci ya kira kwastomansa.

Baba ya fita ta ƙofar gaba ya yi hagu, ya ɓace mini. Na juya jikina gaba ɗaya har na same shi. Yana tafe a tsakiyar layi yana gaisawa da mutane, hularsa a hannu.