Tokar Mintunan Farko

Wata ashirin da ɗaya Hafiza ta yi tana gudun hijira, kuma abu ɗaya ta dawo nema a Omdurman: takardun Tariq.

Tariq ɗan ajinsu ne a jami'a. Har an sa musu rana, yaƙi ya cinye shi a hanyar Bahri. Bincikensa a kan mintunan farko na halittar sararin samaniya ne, lokacin da zafi ya ɗan lafa har ƙwayoyin zarra suka fara haɗuwa. Yakan ce mata a ɗan wannan taƙin aka dafa hiliyum, da ɗan lithiyum kamar gishiri a miya, sai wutar ta mutu. Lithiyum ɗin ne, mai nauyi bakwai, ya hana shi sakat: lissafi ya ce kashi uku, tsofaffin taurari sun nuna ɗaya. Shafi tamanin ya cika da hannunsa yana neman sauran. Kwamfutarsa ta bi masu wawashe gidaje. Takardun kaɗai suka rage, a akwatin ƙarfe a ɗakin kakarta, kuma ta yi alkawarin ƙarasa aikin da sunansa.

Kakar, Habboba Sittana, ta riga ta dawowa da mako biyu. Hafiza ta tarar da tsakar gida a share tas, akwatin wayam.

Tsohuwar ta ba ta labari tana fifita gawayin shayi. Wai ta iske an watsar da takardu har bakin ƙofa, da sawun takalma a kansu. Boko dai ba ta sani ba, amma Bisimilla ko a mafarki ta gan ta za ta gane, ga ta kuwa a saman kowane shafi. Haka Tariq yake, ko lissafi zai yi. Sai ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta sumbata, ta ƙona, yadda mahaifinta malami yake yi wa tsohon rubutu.

"Ya bitti, 'yata, sunan Allah ne a ƙasa. Da ke ce, bari za ki yi?"

Hafiza ta tambaye ta inda tokar take.

Tokar tana cikin gwangwanin madara, ana jiran mai kai ta ruwa mai gudu. Da la'asar Hafiza ta ɗauka zuwa bakin kogin Nilu. Tariq ya taɓa ce mata haidurojin da ke cikin ruwan nan ya girmi kowane tauraro. Ta juye gwangwanin. Wani guntu da bai ƙone ba ya maƙale a gindinsa: rubutun Tariq, lamba bakwai da alamar daidai. Daga nan wuta ta cinye sauran.