Yarinyar Barakatu

Ranar da aka yaye Hadiyya, yayana Malam Munzali ya aiko mini da ita Kazaure. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu na Sandamu uba ba ya riƙon ɗan fari, ba ya ko kama sunansa. Ni na goya ta, ni na sa ta makaranta. Shi kuwa in ya zo, sai ya kau da kai ya tambayi lafiyar yarinyar nan.

Da ta gama sakandare ta samu gurbin karatun likita a wata jami'a ta jiharmu ta asali, da maki mai tsoratarwa. Wajen rajista aka ce baƙuwa ce, tunda duk karatunta a Jigawa ta yi. Kuɗin makarantarta ya ninka na 'yan jiha, tallafin masu ƙwazo kuma bai shafe ta ba. Na nemi tallafi a Jigawa, suka ce ai ubanta mutumin ƙasar Daura ne. Kowace jiha sai tura wa 'yar'uwarta take yi, ni kuwa ƙuli-ƙuli nake sayarwa.

Hanya ɗaya ta rage kafin a rufe rajista. Kwamitin tantance 'yan asalin jiha zai zauna a Daura, uba ya zo ya shaida 'yarsa da bakinsa. Na je Sandamu na roƙi Malam ya ajiye alkunya na yini guda. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu.

Ya zo kuwa, cikin babbar rigarsa. Sai dai zauren cike yake da dattawan garinmu, har da ƙanin surukinsa. Shugaban kwamitin ya nuna Hadiyya ya ce, "Malam, wannan 'yarka ce? Yaya sunanta?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya yi ɗan murmushi.

"To, yarinyar Barakatu ce."

Aka sake tambayarsa, ya maimaita. Aka tambayi inda ni Barakatu nake zaune, ya ce Kazaure. Wani dattijo ya yi ƙoƙarin bayanin cewa alkunya ce, shugaban ya ce shi ya gaji da masu aron uba. Na miƙe zan yi magana, aka ce ba ni aka tambaya ba. Wallahi ban taɓa jin haushin ɗan'uwana kamar ranar ba.

A tasha Malam ya ce mu yi haƙuri, baɗi za a gyara. Hadiyya ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Baba, sau ɗaya kawai na buƙaci ka faɗa."

Ya kau da kai kamar kullum.

Gurbin ya tafi hannun wani. Yanzu Hadiyya ce ke matse mini tunkuza, hannunta duk mai. A Sandamu kuwa har yau ana yabon Malam Munzali, wai ko gaban hukuma bai kama sunan 'yar fari ba.