Rauta da Dutsen Gugar Inna

Mai walda mutum ne da zai ƙera maka ƙofar ƙarfe wadda ɓarawo zai kalla ya haƙura, amma ka ce ya yi hira da ɗansa a waya, nan za ka ga gumi. Tun da suka rabu da uwar yaron ta koma wani gari da shi, kiran nasu bai wuce ya makaranta, lafiya lau, ya mamanka, lafiya lau. Sai shiru, kowa na jin numfashin kowa. Ni dai ban ga laifin yaron ba, halin uban ya kwaso kaf. Ƙwaro ake ce masa tun yana rarrafe, saboda ba lungun da ba ya kutsawa, ga shi yanzu har murya ta fara fashewa.

Da ya zo hutu, Ƙwaro ya kakkaɓe tsohuwar kwamfutar falo ya mayar da ita sabar, wato masaukin wani wasan gine-gine da ake shiga ta intanet. Ya shiga shafin sarrafa rauta, ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu a kan kabad, ya buɗe ƙofa ɗaya, ta yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje za a miƙa shi wurin kwamfutar. Ya zaunar da uban ya koya masa tafiya da haƙa da ɗora bulo a cikin wasan, sannan ya koma wurin uwarsa.

Daga nan fa Asabar ta zama ranar mai walda. La'asar na yi zai rufe shago, ya wanke baƙin hannunsa, ya zauna gaban allo. Can sai ga Ƙwaro ya ɓullo a cikin wasan. Sun gina gida a bakin kogi, suna kan ginin gada. A nan yaron yake sakewa. Zai rubuto Abba kawo katako, Abba kada ka sake faɗawa ramin nan, har da dariya. Abin da yake rubutawa a yamma ɗaya ya fi abin da ya faɗa a waya shekara guda, kuma mai walda ya san da haka sarai.

Sai wata Asabar ya zauna yana jira, shiru. Can saƙo ya shigo wayarsa: "Abba, ba ya shiga. Bar shi kawai, zan shiga na abokaina."

Mai walda ya sake karanta saƙon. Ba wasan ne ya dame shi ba, shi da ko sunan rabin kayan ciki bai sani ba. Tsoronsa yaron ya saba da wancan wurin ya daina waiwayo, su koma lafiya lau ɗin nan da ba ta da kan gado.

Satin nan ba abin da bai gwada ba. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ya zare wayoyi ya hura ya mayar. Shi a gida wasan yana buɗe masa lafiya ƙalau, gadar na nan rabi, wannan ne ma ya fi ba shi haushi. Ya kira kamfanin intanet, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce layinsa garau yake, kuma gaskiya ta faɗa. Ya lallaɓa ya shiga shafin rauta da lambar sirrin da ke manne a ƙarƙashinta, ya ga ƙofar nan a buɗe yadda Ƙwaro ya bar ta. To ina matsalar? Kiran yaron kuwa bai yi ba. Girman kai ne da kunya, kada a ce ɗan abin da aka bar masa amana ya kasa riƙewa.

Asabar ta zagayo, ya ƙi fita shago. Yana zaune da hantsi ya zuba wa akwatin ido, sai ga Inna, mahaifiyarsa, wadda ba ta daɗe da dawowa daga wurin ƙanwarsa da ta haihu ba. Ta shigo da mayafai a kafaɗa da dutsen guga a hannu, ta miƙa hannu bayan kabad, ta fizge filogin rauta ta soka nata. Fitilu suka mutu.

Ya tambaye ta tun yaushe take haka. Ta ce tun ranar da ta dawo, soket ɗin ɗakinta ya saki, kuma ai tana mayarwa in ta gama. Ta ƙara da cewa abin nan ma a tausaya masa, dare da rana yana ƙyafta ido ba hutu. Uwa ce, me zai ce? Bai ma tabbata wannan ne dalili ba, tunda in an mayar da filogin komai yana dawowa. Amma ya samu abin faɗa, sai ya ɗaure ya danna kiran Ƙwaro.

Ya makaranta, lafiya lau. Kafin shirun ya sauka, ya yi maza ya ba shi labarin dutsen guga. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda uban ya daɗe bai ji da kunnensa ba. Ya ce a jira Inna ta gama, a buɗe shafin rauta, a karanto masa jerin na'urorin gidan.

Suka bi layi-layi. Ƙwaro ya yi masa bayani cewa duk sanda rauta ta farka, sabon rabon adireshi take yi, wanda ya riga zuwa shi ke karɓar na farko. Da can kwamfutar ce mai lambar da ta ƙare da biyu, kuma can aka nuna wa ƙofar. Mai walda ya matso da fuska, ya bi da yatsa. Kwamfuta ta koma uku. Mai biyu kuwa wayar Inna ce, wadda ba ta rabuwa da ita saboda hotunan jaririn.

"Ashe duk kwanakin nan wurin Inna nake ta sallama," in ji Ƙwaro.

Da ya maimaita wa Inna haka, sai ta karɓe wayar daga hannunsa. Ta ce wa angon nata ai da ya yi sallamar da ƙarfi da ta amsa, wane irin miji ne mai rowar murya, ko kiranta ba ya yi. Suka yi ta tsokanar juna, da ƙyar uban ya karɓo wayarsa.

Sauran aikin bai yi wuya ba, sai dai hannun mai walda ya saba da ƙarfe, sau da yawa yana danna inda ba a ce ba. Yaron bai ƙosa ba. Ya nuna masa inda ake ɗaure adireshi ɗaya ga kwamfutar, ko an zare filogi sau nawa ba zai canja ba, suka karkato da ƙofar zuwa ga kwamfutar. Ana cikin haka, ba wanda ya tambaye shi, Ƙwaro ya ba da labarin malaminsu na lissafi mai barci a aji, da takalminsa da ya matse shi, da yadda na abokan nasa ba daɗi, kowa rushe ginin kowa yake. Mai walda yana ta cewa to, to, daɗi kamar ya kashe shi.

Ya ce wa Inna gobe zai gyara mata soket ɗinta. Ta ce da ma.

Sai ga Ƙwaro ya ɓullo a bakin kogi, tsaye a kan rabin gadar. Mai walda ya dubi wayar da ta yi zafi a kunnensa, ya ce to tunda an shiga, bari ya kashe, sai su ci gaba da rubutu.

"A'a Abba, bar ta a kunne," in ji yaron. "Ka ɗebo katako, ina jiranka."

Ya jingina wayar da kofin shayi, ya ƙara mata murya, ya tafi ɗebo katakon.