Faifan da Ya Ƙi Buɗuwa

Dogo ya sake danna maɓallin, ya yi tsaki. Shi ne abokin aikin marigayi mijin matar da ke tsaye a bayansa, a da su biyu ke kula da babbar kwamfutar ofishin.

"Yaya, ki ƙara haƙuri. Har yanzu cewa take faifan yana kan aiki."

"Wane aiki kuma? Mai shi ma ya kwanta dama," in ji ta.

Sanyin ɗakin ya ratsa ta, ta ja mayafi ta zauna a kan wani kwali. Abu ɗaya ya kawo ta. Wayar mijinta kullum a cike take, shi ya sa yake zuba hirarrakin da yake ɗauka shi da 'yarsu a wani faifan ajiya a nan. Yarinyar kuwa ta fara cewa ta manta yadda Baba yake dariya. Ga shi manaja ya ce yau za a goge faifan a ba wani sashe.

Dogo ya duba ko wani ne ya buɗe shi daga wani ofis, babu kowa. Ya cire waya, ya mayar. Injina suna ta gunji, ƙafafunta sun yi tsami.

Manaja ya leƙo. "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Dogo, kafin a tashi fa."

Bai jira amsarta ba ya ja ƙofa.

Can sai Dogo ya dafe kai. "Kai! Manhajar hanyoyi ce. Aikinta lura da hanyoyin da kwamfuta ke bi zuwa ma'ajiya. Ita ta damƙe faifan ta ce nata ne, ta hana kowa taɓawa."

"Ashe har inji ma da rowa."

Ya ɗan yi dariya, ya rubuta wa manhajar umarni ta saki wannan faifan. Nan take ya buɗe. Ya karɓi wayarta ya juye mata komai, ya tambaya ko ya kunna ɗaya. Ta girgiza kai. Sai ta je gida, ita da yarinyar.

Yana miƙo mata wayar ya ce, "Ni ban san suna ciki ba. Na daɗe ina neman goge shi, wannan matsalar ce ta hana ni. Har zaginta na yi."

Ta miƙe a hankali, ta dubi injin.

"To kar ka gyara ta duka," ta ce.