Fuskar Auta a Bangon Coci

Maigidana mai fenti ne, kuma yana da wata matsala guda a sana'arsa: ba ya iya ƙirƙiro fuska daga kansa. Duk mutumin da zai zana, sai ya ɗauko fuskar wanda ya sani. Allon shagon aski da ya yi bara, mutum huɗu a layinmu suka gane kansu a jiki, ɗaya har ya zo yana faɗa wai an ƙara masa kunne.

Saboda haka da Fasto ya ba shi aikin zana ruwan tufana a bangon ajin yara na coci, sai gabana ya faɗi. Mutum takwas ne kacal a jirgin Nuhu. Sauran duk suna cikin ruwa, kuma na san kowannensu sai an nemo masa fuska.

Ni ce nake kai masa abinci da rana, don haka a idona aka yi komai. Nuhu ya fito da fuskar Maigida sak, sai dai an ƙara masa gemu. Matar Nuhu ni ce, an rage mini ƙiba, ban kuwa yi gardama ba. Cikin ruwa akwai maƙwabcinmu mai ƙure rediyo, da ƙyar ake ganin hancinsa. Wannan kam na yi dariya. Ranar Laraba na shigo na tarar da wani mutum a ƙasan bangon, daidai tsayin idona, ruwa ya kai masa wuya, hannunsa ɗaya a sama. Har tabon da ke girarsa an sa. Auta ne, ƙanin Maigida.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna aiki tare, Maigida a sama, Auta a ƙasa riƙe da tsani. Dokar Maigida ɗaya ce: in yana sama, ko rigarka ce ta kama da wuta kada ka saki. Shekara biyu da suka wuce suna fentin wani bene, wayar Auta ta yi ƙara a aljihun rigar da ya rataye a ƙofa, taku uku daga inda yake. Ya saki. Tsani ya zame, Maigida ya karya ƙugu, ya yi wata huɗu a kwance, har yau da ɗingishi yake tafiya. Kullum sai Auta ya zo asibiti, kullum sai a ce masa ya koma. Tun daga nan Maigida bai sake ce masa uffan ba. Yaranmu sun gaji da tambayar Baba Ƙarami har sun daina, ni kuwa shirun nasu ya fi tambayar ci mini rai.

"Baban yara, wannan fa?" na ce.

"Mutum ne."

"Na ga mutum ne. Yaran coci za su yi shekara ashirin suna kallon ƙaninka yana nutsewa."

"An gaya masa, bai ji ba," ya ce, yana wanke buroshi. "Su ma mutanen Nuhu haka suka yi."

Ranar Juma'a Fasto ya leƙo. Ya daɗe a gaban hoton Auta, na tabbata ya gane shi. Sai ya ɗaga kai yana duban saman bangon da aka bari fari fat.

"Hukunci ya fito da kyau," ya ce. "Biyayyar Nuhu ma ga ta, har da guduma a hannu. Ina bakan gizon? Yaran nan in suka ga ruwa ba su ga alherin Allah ba, tsoro kawai za su kai gida."

Maigida ya ce ai wurin ya yi ƙanƙanta. Wuri kuwa da za a zana raƙumi a tsaye! Ni na san gaskiyar. Tun faɗuwar nan bai sake hawa abin da ya wuce benci ba. Bakan gizo sai da dogon tsani, ƙasan ajin kuma sumul yake da santsi. Na ce zan riƙe masa, ya dubi hannuwana ya ce ba ya son ya mutu a coci.

Washegari da safe na tafi garejin da Auta yake fentin motoci yanzu.

"Matarmu, lafiya?" ya ce, yana goge hannu.

"Mijin banza, ko leƙo ni ba ka yi. Yayanka na neman mai riƙe tsani."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba. Kuma in gaya maka tun yanzu, ya zana ka cikin waɗanda ruwa ya ci."

Sai ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa mini, ya ce in sa a jakata.

Da muka shiga ajin, Maigida na tsaye a gindin dogon tsanin, gwangwanayen fenti bakwai a jere, yana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Auta ya ce, "Yaya, ina kwana." Ba a amsa ba. Ya wuce ya kama tsanin da hannu biyu, ya tokare ƙafarsa a matakin farko kamar yadda ya saba. Maigida ya harare ni, na harare shi. Ya fi minti biyar a tsaye kafin ya ɗora ƙafa.

Inda tsanin ya tsaya, fuskar Auta ta bango tana daidai gaban fuskarsa, bai fi kamu biyu ba. Awa biyu da rabi yana kallon kansa cikin ruwa. Jan fenti ya ɗigo masa a goshi ya gangaro har gefen ido, bai ɗaga hannu ya goge ba. Ni nake miƙa gwangwani, kuma na ga yadda ƙafar Maigida take rawa a sama har tsanin yana amsawa. Tausayinsu duka biyu ya kama ni, haushinsu ma haka.

Da Maigida ya sauko, ya tsaya yana maida numfashi.

"Ka ga kanka?" ya ce. Maganarsa ta farko ke nan gare shi cikin shekara biyu.

"Na gani, Yaya. Ya yi kama."

"Ba ka da abin cewa?"

"Me zan ce? Ni na saki."

Maigida ya buɗe gwangwanin shuɗi, ya tsoma babban buroshi, ya shafe fuskar daga gira har haɓa. Da fentin ya fara shan iska, sai ga idanun da tabon suna leƙowa ta ƙarƙashi.

"Shafa ɗaya ba ta rufewa," ya ce, bai dubi kowa ba. "Sai ya bushe. Ka dawo Litinin a sake, Talata kuma a yi ta uku."

Shekara goma sha tara ina wanke shuɗin nan daga rigunansa, na san shi sarai. Sau biyu ya ishe shi rufe komai. Auta ma ya sani, don shi yake haɗa masa shi a da.

"To, Yaya," ya ce. "Ƙarfe nawa?"