Jajen Rumbun Isiyaku

Mu shida ne a ƙungiyar wasan kwaikwayon, duk 'yan Rano. Wasa muna da shi, lasifika da kuɗin mota ne babu. So muke mu kai shi Saji da Nariya kafin ruwan farko, don da an yi shuka kowa gona zai nufa, ƙungiya ta watse sai baɗi.

Jabiru, makaɗinmu, ya ce a yi yadda aka saba: a buga ganga, jama'a su taru, a ɗan taɓa wasa, a zagaya da faifai. Na hana. A makarantar da na yi a Kudu an koya mana a fara wasa cikin mutane ba sanarwa, sai ya kama su a yi bayani. Na dage, suka ƙyale ni.

Muka je ƙauyen Fammar neman kuɗin bayan la'asar, ba ganga. Isiyaku, wanda ke fitowa a manomin da rumbunsa ya ƙone, ya shafa toka a riga, ya zube a gindin durumin da dattawa ke zama. Ya ce dami arba'in sun tafi, ko na tuwon yau bai fitar ba. Bara'atu, matarsa a wasan, tana bayansa tana rusa kuka.

Ina jiran lokacin yin bayani sai dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.

"Ka gani ko, Bature?" in ji Jabiru, da sunan da yake tsokanata da shi. "Ka kore su."

Ba a jima ba suka fara dawowa, wannan da damin dawa, wancan da ƙwaryar gero. Wata tsohuwa, Iya Fanta, ta ajiye kaza a gaban Bara'atu.

"Allah ya mayar da alheri."

Isiyaku ya dube ni. Na kawar da kai. Shi kuwa ya ce, "Amin."

Na fito tsakiya na ce, "Jama'a, wasa ne fa."

Mai unguwa, Malam Ramalan, ya ƙare mini kallo.

"Wasa? Ina gangar?"

"Babu ganga, Malam."

"To rumbun wa ya ƙone?"

"Ba na kowa ba."

"Tokar fa?"

"Ta murhun gidanmu ce, Baba," in ji Bara'atu.

"Gidanku, ke da shi?"

"A'a, ni ko aure ban yi ba."

Iya Fanta ta riƙe haɓa. "Ba aure kike masa wannan kuka? Ranar da aka ɗaura fa?"

Na yi bayanin lasifika da mota, da Saji da Nariya. Wani ya tambaya ko a Saji gobarar ta tashi. Na ce babu gobara, kowa ya zo ya ɗauki kayansa, mun ba da haƙuri.

Ba wanda ya motsa.

"Hatsin jaje ba ya komawa rumbu," in ji Malam Ramalan. "Wa zai mayar da shi gida ya gayyato wa kansa wuta?"

Aka ɗau surutu. Wasu suka ce a kai hatsin masallaci, wasu suka ce mu ya kamata a kai gaban hukuma. Jabiru ya fara duban inda muka jingine babura. Malam Ramalan ya ɗaga hannu.

"Shi mutumin, daga baya yaya ya yi?"

"Wane mutum, Malam?"

"Mai rumbun mana."

"Wannan sai a ƙarshen wasa."

Ya dubi tarin hatsin. "To ku kwashe. Juma'a ku dawo ku ƙarasa mana. Da ganga."

Iya Fanta ta sunkuya ta ɗauke kazarta. "Ita dai ba hatsi ba ce."

Muka sayar da hatsin a kasuwar Kibiya, muka yi hayar lasifika da a-kori-kura. Ranar Juma'a Jabiru ya buga ganga a Fammar har hannunsa ya kumbura, bai bar ni na furta ko kalma ɗaya ba. Muka yi Saji. Muka yi Nariya, kwana biyu bayanta ruwa ya sauka.

Amma tun a Fammar, muna naɗe tabarmi, wani dattijo da ya kalli wasan daga farko har ƙarshe ya zo ya kama hannun Isiyaku.

"Yaro, bana ka gina shi nesa da madafa."

"To, Baba," in ji Isiyaku.