Hagun Illiassou

Safar hannu ta fata har kala biyar ke jere a kan dardumar ɗakin, kowace ta wage baki kamar ɗan tsuntsu mai jiran uwa. Alhaji Chaibou ya daɗe yana dubansu da idon ɗan kasuwa, sannan ya juya ga ɗansa.

"Illiassou, hannu nawa Allah ya yi maka?"

"Biyu, Baba."

"To, sauran na sayarwa ne?"

Tsohon ya zo Paris daga Damagaram a shekarar 1986 don sarin kaya, ya sauka gidan ɗansa a Belleville. Ya san Illiassou yana lodin kaya a wani sito a Aubervilliers. Abin da bai sani ba shi ne ɗan nasa ya kusa shekara goma yana buga besbol, wasan Amurkawa da wani ke jefa ƙwallo, wani ya doka da sanda ya zagaye kusurwa huɗu a guje. Kulob ɗin yana kiran 'yan wasansa ƙwararru, kuma a yi masa adalci, yana biya musu kuɗin jirgi.

Illiassou ya yi bayani cikin ladabi. Kowane ɗan wasa da gurbinsa, kowane gurbi da irin safarsa. Shi kuwa ba shi da gurbi. Inda aka rasa mutum, nan ake tura shi.

"Wato yaron aike ne kai," in ji Alhaji.

Akwai safa ta shida, wadda Illiassou ya tura ƙarƙashin gado tun kafin tsohon ya iso. Ita ake sa wa hannun dama, domin a yi jifa da hagu. Bahago aka haife shi. Yana ƙarami Alhaji ya riƙa ɗaure masa hannun hagu da tsumma a duk lokacin cin tuwo da lokacin rubutun allo, har dama ta koyi aiki dole. Hagu bai manta komai ba. A bayan gari ya ci gaba da kaɗo goriba da dutse. Ta haka yaro ya tashi da hannu biyu masu jifa, abin da ya ba shi abin yi a filin da babu wanda ya taɓa jin sunan Damagaram. Mai horar da su ya san da wannan hagu, yana adana shi don ranar tsanani.

Ranar Lahadi suka tafi Lyon wasan ƙarshe na cin kofi, har da Alhaji da Rékia, matar Illiassou. Alhaji ya kalli ƙauyuka suna wucewa ta tagar jirgin ƙasa mai gudun tsiya, ya ce wannan jirgi bai san a tsaya a gaida mutane ba.

An fara wasa Illiassou yana tsaron kusurwa ta uku. Ba a jima ba yatsan mai cafe ƙwallo ya goce, aka ɗaura masa sulke ya tsuguna a bayan mai duka. Can kuma wani ya gurɗe a bakin fili, aka cire masa sulken aka tura shi can. Ko'ina ya je, ƙwallo ba ta wuce shi. Alhaji, wanda ke zaune da babbar riga a tsakiyar Turawa 'yan kallo, ya karkato ga surukarsa.

"Wai korarsa ake yi daga wuri zuwa wuri?"

"A'a, Baba. Nemansa ake yi."

Tsohon ya gutsuri goro.

A zagayen ƙarshe Paris tana gaba da ci ɗaya tak, sai kafaɗar mai jifansu ta gaza. 'Yan Lyon sun cika kusurwowi, kuma wanda zai yi duka wani ƙato ne da ya wuni yana ragargazar duk abin da aka jefo masa da dama. In ya doka, kofi ya tafi. In ya kuskure sau uku, wasa ya ƙare. Mai horo ya yafito Illiassou.

"La gauche," in ji shi, yana taɓa hannunsa na hagu.

"Na bar wannan safar a gida, Monsieur."

Mai horo ya zazzage jakar kayan Illiassou a ƙasa. Ga ta nan a ƙarshe, a naɗe cikin kallabin Rékia. Illiassou ya ɗaga ido wajen 'yan kallo. Rékia tana gyara ɗankunne, ta mai da hankali ƙwarai ga wani gajimare. Alhaji kuwa ido ya zuba masa, irin zubawar da yake yi a bakin akushi shekaru talatin da suka wuce.

Illiassou ya zura safar a dama. Ya ji wuyan hannunsa na hagu yana tuna tsumma. Ya hau tudun jifa, ya yi bisimilla a hankali.

Jifan farko ya lanƙwasa ta gefen da ƙaton bai saba gani ba, sandarsa ta doki iska. Na biyu ya taɓa, ƙwallo ta fita gefe, aka lissafa masa kuskure na biyu. Filin ya yi tsit har ana jin motoci a kan titi. Illiassou ya tuna wata goriba da ke can ƙololuwa, wadda yaran unguwa suka haƙura da ita. Ya saki hannu. Ƙaton ya juya gaba ɗaya kamar mai sussuka, ƙwallo kuwa ta riga ta kwanta a safar mai cafewa.

Abokan wasansa suka ɗaga shi sama, suka tura masa ƙwallon a aljihu. Da suka sauke shi ya nufi mahaifinsa, ya durƙusa, hagu a ɓoye a baya.

"Kawo hannun," in ji Alhaji.

Ya miƙa dama.

"Ba wannan ba."

Tsohon ya karɓi hagun, ya juya shi ciki da bai kamar mai duba shadda kafin ciniki, ya matsa wuyan hannun da babban yatsa.

"Ashe bai mutu ba."

Mai horo ya iso yana haki, ya tambaya wa ya koya wa wannan mutum jifa da hannu biyu. Rékia ta fassara. Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Ki gaya masa dama aikina ce. Hagun kuwa ajiya na yi masa, na ɗaure don kada ya lalace."

A jirgin komawa Rékia ta buɗe kwanon dambu. Illiassou ya sa hannun dama, tsohon ya gyaɗa kai. Shi bai ci ba. Ya karɓi ƙwallon yana nazarin ɗinkinta, sannan, yana kallon taga, ya cilla ta sama ya cafe, ya sake cillawa ya cafe, ba tare da ya duba ba. Da hagu.

Illiassou ya tsaya da loma a hannu.

"Baba, ashe kai ma..."

"Ci abincinka," in ji Alhaji.